Godiya bayan ɓarnar ruwa a gidan wallafarmu na kiɗan ƙararrawar hannu

Ni da mai ɗakina muna gaida 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Amurka, tare da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Tun da ruwa ya yi mana ɓarna a tsakiyar hunturun da ya wuce kuke bin mu bashin godiya, kuma jinkirin ba na raini ba ne, jira muka yi aiki ya farfaɗo domin godiyar ta zo tare da labari mai daɗi. Masu sayen takardunmu sun riga sun sami tasu da Turanci. Wannan ta waɗanda suka yi ta bugo waya ce daga Jos da Kaduna da Zariya, da waɗanda suka tako har ƙofar gidanmu, domin ya dace a gode musu da harshen da suka yi mana jaje da shi.

Da yawa daga cikinku sun jajanta mana ba tare da sanin ainihin abin da ya lalace ba, har gwaggona ta tambaye ni ko ƙararrawar ce ruwa ya cinye. Gwaggo, mu ba ma ƙera ƙararrawa, ba ma kuma sayar da ita. Masu ƙera ta kamfanoni ne irin su Schulmerich da Malmark, waɗanda dukansu suke nan jihar Pennsylvania inda muke zaune. Namu aikin shi ne tsara kiɗa a rubuce, mu buga shi a takarda, mu sayar wa ƙungiyoyin majami'u da na makarantu masu kaɗa ƙararrawar hannu. Ita wannan ƙararrawa ta tagulla ce, wato jan ƙarfe wajen kashi huɗu da kuza kashi ɗaya, irin kuzar nan da aka daɗe ana haƙa a Jos, kuma kowace ɗaya sauti ɗaya tak take bayarwa. Saboda haka waƙa ɗaya sai an raba ta tsakanin mutane da yawa. Jeri mai hawa uku, idan aka ƙirga hawa daga do zuwa do na sama, ƙararrawa 37 ne, kuma yawanci mutum 11 ke jeruwa a bayan tebur mai shimfiɗar soso, sanye da safar hannu, kowa da nasa sautuka biyu da rabin sautin da ke maƙwabtaka da su. Jeri mai hawa biyar kuwa ƙararrawa 61 ne. Makaɗan dukansu rubutu iri ɗaya suke kallo, kowa yana ƙirga lokaci a zuci har nasa ya zo, don haka kuskure ɗaya a takarda yakan bar mutum da hannu a sama yana jiran abin da ba zai zo ba.

Abin da ya faru shi ne mun yi tafiyar kwana uku a lokacin da sanyi ya yi tsanani, ruwa ya daskare a cikin wani bututu da ya bi ta bangon waje, bututun ya tsage, da gari ya ɗan yi ɗumi sai ruwa ya yi ta kwarara cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ofishinmu da rumbun takardunmu suke. Da muka dawo na buɗe ƙofar ɗakin, ƙarar ruwa na fara ji kafin in ga komai. Kwalayen da ke ƙasa sun jiƙe sun buɗe, na sama sun rufto a kansu, takardu sun manne da juna sun dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Waɗanda ruwan bai kai gare su ba danshi ya kama su, bayan 'yan kwanaki suka fara fumfuna. Asarar takarda abar jurewa ce, tun da sake bugawa ake yi. Abin da ya sa gwiwata ta yi sanyi shi ne kwamfutar da ke ɗauke da asalin rubutun kowace waƙa, wadda take ƙarƙashin tebur, da kuma ma'ajiyar da nake kwafe aikin a ciki saboda irin wannan rana, wadda na ajiye a gefenta, a kan daɓe ɗaya. Wannan sakacina ne ni kaɗai, kuma mai ɗakina ta sha yi mini magana a kai. Kamfanin inshora ya biya gyaran bango da daɓe, amma ya ce kayan sana'a ba sa cikin yarjejeniyar gidan zama. Na ji zafi a lokacin, sai dai da na zauna na karanta takardar da na sa wa hannu, na tarar haka aka rubuta.

Wani mai gyaran kwamfuta ya yi mako biyu yana fama da ma'ajiyar har ya ceto kusan rabin aikin, Allah ya saka masa da alheri. Sauran rabin kuwa, galibi waƙoƙin da ni da kaina na tsara a shekarun farko, ba ya ko'ina a duniya sai a hannun waɗanda suka taɓa saye. Da kunya na rubuta wa shugabannin ƙungiyoyin makaɗa ina roƙon duk mai kwafi ya ara mana guda ɗaya mu sake rubutawa daga gare shi. Guda ɗaya muka roƙa, amma da yake ƙungiya takan sayi kwafi shida zuwa goma sha ɗaya domin kowa ya sami abin kallo, yawancinsu sai suka kwaso duka suka aiko, har mai kawo wasiƙa ya fara yi mana tsiya.

A nan ne babbar godiyarmu take, domin takardun ba su dawo yadda suka bar hannunmu ba. Sun dawo cike da zanen fensir. Makaɗi yakan kewaye sautukansa, na hannun hagu da launi ɗaya, na dama da wani, ya rubuta wa kansa inda zai ajiye wannan ƙararrawa ya ɗauki waccan, da inda zai danne ta a kafaɗa ya kashe sautin. Da mai ɗakina ta shimfiɗa kwafi goma sha ɗaya na waƙa ɗaya a kan teburin cin abinci, sai muka ga a karo na farko yadda aikinmu yake zama a hannun kowane mutum. A wata waƙar Kirsimeti, mai riƙe da ƙararrawar sautukan fa da so na ƙasa ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe a saman wata gaɓa, ma'anarta ba zai yiwu ba, ya ja mata layi biyu. Da na duba sai na ga na nemi ya sauya ƙararrawa mai nauyi cikin rabin bugu alhali hannuwansa biyu duk a cike suke. Kwafin wata ƙungiya daga wata jiha dabam ya nuna sun ci karo da matsalar a gaɓa ɗaya, suka warware ta hanyar miƙa ƙararrawar ga maƙwabci tun daga shafin baya. Shekaru ana sayen wannan waƙa, babu wanda ya taɓa kawo mana ƙorafi. A wata kuma, jadawalin da ake sawa a saman shafin farko domin nuna ƙararrawar da za a fitar daga akwati ya tsallake guda ɗaya, kowace ƙungiya ta ƙara ta da hannu. Akwai inda juya shafi ya faɗo daidai lokacin da babu mai hannu ko ɗaya a sake. A ganina mai tsara kiɗan ƙararrawa da yake zaune gaban kwamfuta yana sauraron na'ura tana rera masa komai daidai ya fi kowa saurin manta cewa hannu biyu kowa ke da su, kuma ni ne farkon wanda wannan magana ta shafa.

Wata dattijuwa daga yankin Boston ta aiko da nata a cikin kwalin takalmi tare da wasiƙa da rubutun hannu. Ƙungiyarsu har yanzu da tsofaffin ƙararrawar Ingila masu mariƙin fata take kiɗa, ƙirar maƙerar Whitechapel ta Landan wadda aka rufe a 2017. Asalin abin dama na Ingila ne, inda masu kaɗa manyan ƙararrawar hasumiya suke gwaji da ƙanana don kada su hana gari sakat, kuma daga wannan maƙera ce Margaret Shurcliff ta kawo guda takwas Boston a 1902. Dattijuwar ta ce su ba sa yarda a buga ƙararrawarsu a kan soson tebur kamar yadda muka rubuta a wasu wurare, saboda tsoron tsagewa, ta kuma nuna mana yadda suke samun gajeren sautin ta hanyar ɗora babban yatsa a jikin ƙararrawar. Mun sa wannan zaɓi a sabon bugu. Mama, mun gode.

Muna godiya ga maƙwabcinmu da ya shiga ruwan sanyi tare da ni ya rufe babban famfo, da mai gyaran famfo da ya fito cikin dare. Muna godiya ga 'yan uwanmu masu jin Hausa na wannan yanki, Musulmi da Kirista, waɗanda suka zo ranar Asabar suka yi ta hawa da sauka da jiƙaƙƙun kwalaye, matansu kuma suka ɗauke mana girki na mako guda. Mawallafan kiɗan da muke buga aikinsu sun ce a ɗage biyan kasonsu har mu miƙe, maɗaba'ar da ke buga mana ta yarda da bashi, wani ƙaramin gidan wallafa kamar namu, wanda a kasuwa abokin gasa ne, ya ara mana kwamfuta da wurin ajiya. Ɗaliban wata makarantar sakandare da malamarsu sun kaɗa kowace waƙa da muka sake rubutawa kafin ta tafi bugu, sun kuma kama kurakurai sababbi da gaggawa ta sa na yi. Yaya, kuɗin da ka aiko sun iso. Na san abin da ya ci maka kafin ka tara su, kuma da su muka sayi katakon sababbin kantoci.

Labarin da muke ciki yanzu shi ne duk waƙoƙinmu sun dawo kasuwa in ban da guda uku da har yanzu ba mu sami kwafinsu ba. Tun da sake rubutawa ya zama dole, mun yi shi da manhajar Dorico, kasancewar masu Finale, wadda muka saba da ita, sun sanar a watan Agustan 2024 cewa sun daina ci gaba da ita. Mun sake auna wahalar kowace waƙa bisa matakai shida da ƙungiyar Handbell Musicians of America ke amfani da su, kuma zanen fensir ya tilasta mana ɗaga wasu daga mataki na 2 zuwa na 3. Duk ƙungiyar da ta aro mana takardunta za ta karɓi nata tare da sabon bugu kyauta. Masu shirin Kirsimeti, waɗanda sukan fara gwaji tun daga Satumba, za su sami kayansu a kan lokaci da yardar Allah. Ofishi ya koma bene, aikin kuma yanzu a wuri uku yake ajiye, ɗaya ba a gidan ba.

Akwai kuma roƙo ga na gida. A daren da muke shanya takardu, mai ɗakina ta yi ta rera wata waƙar godiya da zumuntar mata ke yi a majami'armu tun muna yara, sai na lura sautuka biyar kacal take yawo a kansu, wanda ke nufin ƙaramar ƙungiya mai ƙararrawa takwas ko goma sha biyu za ta iya kaɗa ta a tsaye ba tare da tebur ba. Na riga na tsara ta, ɗaliban nan sun gwada, ta zauna daram. Amma ba za mu buga ta ba sai mun san wanda ya ƙirƙire ta, mun nemi izininsa ko na magadansa, mun kuma sa sunansa a saman shafi. Na tura muryar ga Gwaggo da Yaya a waya. Duk wanda ya saurara ya gane ta, musamman tsofaffin mawaƙa da matan zumunta, don Allah ya sanar da su su sanar da mu.