Mako na shida da wasan ɓoyo a bakin ganuwar Kano

'Yan uwa masu koyon jiyokashin, a ƙara mini wata asara a lissafi: gwangwani na uku ya ɓace. Na maƙale shi ne bayan wani dutse kusa da Ƙofar Kabuga, da ɗan littafin sa hannu da guntun fensir a ciki. Kwana biyu kacal ya yi. Ina zargin 'yan gwangwan, kuma ban ga laifinsu ba, ƙarfe suka gani a ƙasa.

Ga wanda bai daɗe da shigowa cikinmu ba, wasan shi ne ka ɓoye ɗan abu, ka ɗauki lambobin wurin da GPS na wayarka, wani ya bi lambobin ya gano. A Amurka aka fara shi, a jihar Oregon, cikin watan Mayu na 2000, bayan gwamnatinsu ta daina rage wa farar hula daidaiton GPS. Can daji suke da shi, mu kuwa lungu ne da idon jama'a.

Dalilin da ya sa na zaɓi Kabuga, ta nan sojojin Turawa suka kutsa cikin birni a 1903, lokacin Sarki Alu. Na so duk wanda ya zo nema ya tsaya ya dubi ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12. Kada dai wani ya tona jikinta don ɓoye kaya. Ƙasa ce, damina ma kaɗai ta ishe ta.

Abin da ya sauya mini tunani a marinar Ƙofar Mata ya faru. Ina tsugune ina laluben inda zan cusa wata 'yar roba, wayata na ta rawa, yanzu ta ce saura mita biyar, anjima ta ce goma sha biyu, sai na ji murya a kaina.

"Samari, lafiya? Me ake binnewa?"

Wani dattijo ne, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Na san abin da ya zata, domin ko ni na ga baƙo yana ɓoye ƙulli a bakin sana'ata, asiri zan fara kawowa a raina. Na gaishe shi, na buɗe robar na nuna masa takardar.

"Baba, wasa ne na neman tarihi."

Ya yi dariya har da tafawa. "To tarihin a roba yake? Zo nan."

Ya kai ni bakin wani karofi, ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a ruwa, a bar shi kwanaki har ya nuna. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, na ga ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gabana. Ana cewa marinar ta kafu tun 1498, zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. Na fi awa ɗaya a wurin, robar tana aljihuna har na tafi.

Yanzu na daina ajiye kaya a cikin gari. Lambobin wuri nake bayarwa tare da tambayar da ba a samun amsarta sai an je an yi sallama. Ta Ƙofar Mata: wane launi ƙyalle yake fitowa da shi kafin iska ta taɓa shi? (Ku da kuka karanta wannan kun ci bulus, zan sauya ta.) Mutum huɗu sun gwada, uku sun dawo da amsa, ɗayan ya ɓata a lungunan Kurmi ya koma gida da turare.

Asabar mai zuwa Dutsen Dala za mu hau, inda ake cewa Barbushe yana ganawa da Tsumburbura a zamanin da. Tambayar a saman dutsen take, don haka a zo da ruwa, kuma da sassafe kafin rana ta buɗe.