Ziyarata zuwa Taroyi, fagen yaƙin Akilis

Daga Istanbul motar safa ta bi da mu ta zirin Gelibolu har garin Eceabat, inda jirgin fito ya tsallakar da mu mashigin Dardanel zuwa Canakkale. Washegari na shiga ƙaramar motar haya zuwa ƙauyen Tevfikiye, tafiyar kimanin kilomita 30, domin a gefensa ne tudun Hisarlik yake, wurin da masana suka yarda cewa shi ne tsohon birnin Taroyi, wanda Girkawan dā suka ce jaruminsu Akilis ya yi yaƙi a gindin ganuwarsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin, don wanda ya san faɗin ganuwar Kano zai ga kagarar nan tamkar unguwa guda. Birane tara ne aka gina a kan juna, kuma har yanzu ana ganin wagegen ramin da Bajamushen nan Heinrich Schliemann ya tsaga a tsakiyar tudun a shekarun 1870. Garajensa ya ba ni takaici matuƙa, domin a ƙoƙarinsa na kaiwa ƙasa ya rusa gine-ginen zamanin yaƙin Taroyi da yake nema, har zinariyar da ya haƙo a 1873 ya laƙaba mata sunan Firiyam, sarkin Taroyi a lokacin yaƙin, alhali ta girmi wancan zamani da kusan shekara 1,000.

A gindin katangar birni na shida, wadda aka gina da sassaƙaƙƙen dutse mai ɗan jingina baya, na fi daɗewa. Waƙar Iliyad ta Homa, mawaƙin Girkawan dā, ta ce Akilis, ɗan Sarki Feliyus da allahiyar teku Tetis, ya zo da jiragen ruwa 50, amma ya janye daga yaƙi saboda Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya ƙwace masa kuyangarsa Birisis, kuma bai sake ɗaukar mashi ba sai da Hektor, ɗan Sarki Firiyam, ya kashe Fatarokulus, aminin Akilis. Sau uku ya kewaya birnin a guje yana bin Hektor kafin ya kashe shi, sannan ya ɗaure gawar a keken dokinsa ya ja ta cikin ƙura a kan idon iyayen mamacin.

Daga saman tudun, iska na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, na hangi filin da kogin Karamenderes yake ratsawa, wanda Girkawa suke kira Iskamanda. Yanzu gonaki ne shimfiɗe, domin laka da kogin ya daɗe yana kwasowa ta cike gaɓar, teku ya ja baya da nisa. Ta wannan fili ne aka ce tsoho Firiyam ya bi cikin dare da kayan fansar gawar Hektor zuwa sansanin abokan gaba, ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya, yana roƙon Akilis ya tuna da nasa mahaifin. Suka yi kuka tare, kowa da wanda yake kuka dominsa. A ganina nan ne darajar Akilis ta fi bayyana, domin shi da kansa ya sa aka wanke gawar aka suturta ta, ya ciyar da tsohon, ya kuma yi alƙawarin tsayar da yaƙi na kwana 11 don a yi makoki. Ina zaton har da wannan Akilis ɗin Sarki Iskandari na Makidoniya ya zo girmamawa a shekara ta 334 kafin Miladiyya, lokacin da ya ziyarci kushewar da ake dangantawa da jarumin.

Da yamma na leƙa gidan tarihin Taroyi da aka buɗe a 2018, inda na tarar da ɗalibai suna tambayar malaminsu labarin kibiyar da Faris, ɗan'uwan Hektor, ya harba a dunduniyar Akilis. Ya bayyana musu cewa marubutan baya ne suka kawo wannan, domin ita waƙar Homa a jana'izar Hektor ta ƙare, Akilis yana raye.