Zarto ba ya mayar da abin da ya ci

Sana'ata kafinta ce, amma ba ta kujera da gado ba. Ƙotar bindiga nake sassaƙawa da gyarawa a ɗan shagona nan Maraɗi, ni da yara biyu masu koyo. Yawancin abin da ke shigowa bindigar toka ce ta mahalba da ta 'yan bindigar fada, wadda ake cika wa albarushi a hawan salla. Wannan ba ta da gardama: ƙota ta tsage, a sassaƙa sabuwa da maɗaci ko ƙirya, a buga mata kusoshin tagulla, mai ita ya ɗaura layunsa. Gardamar tana tashi ne idan tsohuwar bindigar soja ta zo, irin wadda aka gada daga kakan da ya yi wa Faransa soja.

Kafin komai takarda. Makamin yaƙi ba na farar hula ba ne a Nijar, kuma duk wanda ya san halin rashin tsaro da ake ciki wajen Madarunfa da Gidan Rumji ya san dalilin da ya sa ba na sassauci. Abin da nake karɓa iri biyu ne: wadda ta mutu murus, tsatsa ta toshe ta, sai rataya, da wadda tun can aka mayar ta farauta kuma mai ita yana da izinin hukuma. Ƙarfen ciki ba na taɓa shi. Wanda ya ce in tayar masa da matacciya, ƙofa nake nuna masa.

Wadda na fi gani ita ce Gras, bindigar sojan Faransa ta shekarar 1874, mai cin harsashi ɗaya. Ita kanta gyara ce, don daga Chassepot ta 1866 aka fitar da ita, aka sauya harsashin takarda da na ƙarfe. Da sabuwar bindiga Lebel ta fito a 1886 da albarushi marar hayaƙi, Gras ta zama tsohon yayi, sai 'yan kasuwar Faransa suka riƙa sayen ta da yawa suna share cikin bututun suna sayar wa masu harbin tsuntsu. Saboda haka idan mahalbi ya kawo mini irin wannan ya ce a rage nauyin ƙota, a naɗe ta da jar fata, ba na jin zafin komai. An riga an raba ta da soja tun kafin a haifi ubana. Kayan aiki ce, kuma kayan aiki sai ya dace da kafaɗar mai shi.

Berthier daban ce. Akwai samfurin 1907 da aka ƙera musamman don sojojin Afirka da Faransa ke kira tirayar na Senegal, alhali cikinsu har da namu, Hausawa da Zabarmawa. Harsashi uku take ɗauka. Bayanta MAS 36 ta zo daga masana'antar Sant-Etiyen, mai harsashi biyar, da tsinken ƙarfe da ake ɓoyewa a ƙarƙashin bututu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta iso hannuna da ƙotarta ta asali, sai na wanke hannu kafin in juya ta. Lambar da ke jikin ƙarfe ita ce aka buga a katako, wani lokaci har da hatimi mai da'ira a gefen gindi, sai sunan garin da aka ƙera ta, ko Sant-Etiyen ko Shatelro. Ga duhun da gumin hannu ya bari daidai wurin riƙo. Ga tabon da majanyi ya ci. Samfefa tana share wannan duka kafin shayi ya tafasa.

To masu gado ba haka suke kallon ta ba. Su abin da suke gani tsohon katako ne baƙi ƙirin da zai ɓata musu bangon falo. Wani saurayi ya taɓa kawo ta kakansa yana cewa, "Baba, a yanke wannan dogon katakon na gaba, a goge, a shafa barni ta yi ƙyalli." Na ce, "Ɗana, yankewa aikin minti kaɗan ne, kuma kuɗin ya fi na abin da zan ba ka shawara. Amma je ka tambayi mahaifinka ko ya yarda a goge wurin da hannun ubansa ya zauna." Bai dawo da maganar yanka ba. Wasu kuwa sukan ɗauki abarsu su kai wa wani, ba na hana su, dukiyarsu ce.

Adanawa ba barin ta cikin ƙura ba ne, kuma a nan ne ainihin gwaninta take. Abokan gābar katako a ƙasarmu gara ce da hunturu. Iskar hunturu na busar da shi ya tsage ta wuyan ƙota, damina ta zo ya kumbura, tsatsa ta kwanta a ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa. Mukan kwance a hankali, mu goge dauɗa da tsumma, mu cika tsagar da manne da ƙusar katako siririya daga ciki, mu shafa mai kaɗan-kaɗan har ya sha. Tsatsar da ke ci ake cirewa, launin tsufa a bar shi. In gara ta cinye wani sashe, nakan yi ƙari da sabon ice amma ba na rina shi ya saje, don wanda zai duba bayana ya san inda aikin Bature ya tsaya da inda nawa ya fara. Yarana sun daɗe suna ganin wannan kamar rashin iya aiki ne.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci wannan wahala ba. A Agadas, ran 25 ga Satumba 2000, an tara makamai an cinna musu wuta don tabbatar da zaman lafiya, kuma ban taɓa jin takaicin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wadda ba a san asalinta ba, aka kankare lambarta, hanyarta ta jandarma ce, ba ta shagona ba. Wadda kuwa ta zo da hoton mai ita sanye da jar dara da lambobin yabo a ƙirji, nakan roƙi iyalin su rubuta sunansa da inda ya yi yaƙi su ajiye tare da ita, in kuma ba mai kula da ita a gidan, su tuntuɓi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.