Ƙofar masallacin Sidi Yahya

Yau abokina ya turo min bidiyon masallacin Sidi Yahya na Timbuktu a WhatsApp, wallahi na kasa wucewa. Akwai wata ƙofar katako a jikinsa, wai tun kaka da kakanni mutanen garin sun yarda ba za a buɗe ta ba sai ranar tashin duniya, masallacin kuwa tun wajen 1400 yake, ka ga ɗaruruwan shekaru ana wucewa ta gabanta ba mai taɓawa. Kwatsam a 2012 'yan bindiga suka zo suka ɓalle ta.

Eh camfi ne, kuma an gyara ta a 2016. Amma ni dai tsofaffin da aka yi abin a gabansu nake ta tunani, ko ya suka iya barci ranar.