Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ƙanina

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin Inna da duk zuri'ar gidanmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ƙanina ya dawo gida lafiya, kuma an janye ƙarar da aka shigar a kansa. Alhamdulillahi. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, kwanakin nan hankalina ba ya jikina.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, yaron ɗalibi ne a ajin ƙarshe na jami'a, yana karanta fannin ilimi. Binciken da zai kammala karatu da shi a kan makarantun firamare ne na ƙauyukanmu da ke bakin kogin Haɗeja, da halin da suke ciki tun bayan ambaliyar 2022. Ya bi su a kan babur, ya ƙirga yara, ya ƙirga malamai, ya ɗauki hoton azuzuwan da ruwa ya kayar, da yara zaune a gindin darbejiya an jingine musu allo a jikin itace. Kaɗan daga ciki ya sa a Facebook, ya tambaya ina gyaran da aka ce an yi. Bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba. Wani da abin ya sosa wa rai ya kai ƙara, aka zo har fadama ana tsakar yankan shinkafa aka tafi da shi.

Godiyarmu ta farko ga Baristar da ta karɓi shari'ar ba ta nemi ko sisi ba. Ita ta zaunar da mu ta fahimtar da mu abin da ba mu sani ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda da shi ake ta kama masu rubutu, tun 2020 kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin magana, a 2024 kuma majalisa ta yi masa gyara ta rage faɗinsa. Barista, da ba ki zo ba, da tuni mun sayar da tumakin Inna mun kai kuɗin belin da kika nuna mana kyauta ne.

Sai Malaminsa, wanda ke duba masa binciken. Wallahi a kansa na fi son in tsaya. An kira shi an ba shi shawara ya sa yaron ya canja maudu'i, ko a cire babin da ke ɗauke da alƙaluman, magana ta mutu. Mutum ne mai iyali, albashi yake jira kamar kowa, kuma da ya yarda babu wanda zai ga laifinsa. Bai yarda ba. Ya shiga motar haya ya zo da kansa, takardun aikin a cikin leda saboda ƙura, ya shimfiɗa su a kan tebur shafi bayan shafi, da sa hannunsa da jan biro a gefen kowanne. Ya ce shi ya duba aikin, in akwai kuskure a kawo wasu alƙaluman a gwada, ɗalibi zai gyara a gaban kowa, amma ba za a goge abin da ido ya gani don wani ya ji daɗi ba. Da yamma muna zaune a zaure ya ba mu labarin 1988, shekarar da gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, aka kuma fitar da Patrick Wilmot, malami a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga ƙasar nan. Ya ce malaman da suka koyar da shi sun ga wannan zamanin ba su rufe baki ba. Malam, Allah ya ƙara daraja, ya tsare maka mutuncinka kamar yadda ka tsare na ɗalibinka.

Ranka ya daɗe Dagaci, mun gode da ka tsaya masa, ka kuma faɗa a fili cewa hotunan na ƙasarka ne. Liman da ya sa mu a addu'a, matan unguwa da suka riƙa dama fura suna zama da Inna har dare, 'yan ajinsu da suka haɗa kuɗin mota, da ɗan jaridar gidan rediyo da ya zo ya ga azuzuwan da idonsa kafin ya yi magana, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ba zan manta da dattijon nan na layinmu ba, tsohon ɗan jam'iyyar PRP, wanda ya dogara sandarsa ya zo ya tuna mana yadda aka sha ɗaure iyayensu 'yan NEPU saboda bin Malam Aminu Kano.

Ina da roƙo ga hukumomin jami'o'i da ƙungiyar lauyoyi. Ana karrama masu kuɗi da masu mulki a kowane biki, to a riƙa kiran irin wannan malami da irin wannan lauya a gaban ɗalibai a yaba musu. Yaran da ke tasowa suna kallon abin da ya sami ƙanina, kuma da yawansu sun fara cewa gara su zaɓi binciken da ba zai taɓa kowa ba. Wannan ya fi komai damuna a cikin lamarin.

Ƙanina zai koma makaranta ya kare aikinsa yadda ya rubuta shi. Idan an kammala, za mu ajiye kwafi a wurin kwamitin iyaye na makarantar garinmu, duk mai son karantawa ya je ya karanta. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci akwai addu'a a ƙofar gidanmu, muna gayyatar kowa.