Yadda ruwan zafi ya tsaga mini tulun gilashi

Tuluna biyu ne na gilashin da ake hurawa da baki, masu launin shuɗi, yayata ce ta ba ni su kyauta, kuma yanzu ɗaya ne kawai yake riƙe ruwa. Na shafe watanni ina sa furanni a cikinsu, har wani farin zobe ya kwanta daidai inda ruwan yake tsayawa. Ranar da na ƙudiri aniyar wanke su, sai na tafasa ruwa a buta, na bar shi ya ɗan huce na minti biyu ko uku, na tuttula a cikin na farko. Ban kai ga ajiye butar ba na ji ƙas, 'yar ƙara kamar an karya tsinke. Da na ɗaga shi ga haske, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga gindi ta nufi wuya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilin yana hannuna tun ranar farko, ban lura ba. Gindin tulun ya kai kaurin yatsa, amma jikinsa kusa da wuya kamar ɓawon ƙwai yake, domin abin da aka hura da baki ba ya fitowa da kauri ɗaya kamar na inji. Zafi ba ya ratsa gilashi da sauri, saboda haka idan fuskar ciki ta ɗau zafi ta buɗe, ta waje tana nan da sanyinta, sai su ja juna har ya tsage. Gilashin da aka saba hurawa, wanda ake haɗawa daga yashi da soda da farar ƙasa, buɗewarsa idan ya ji zafi ta ninka ta gilashin ɗakin gwaje-gwaje kusan sau uku. Shi ya sa maƙeransa suke saka shi a wata tanda mai zafin kusan digiri 500 a ma'aunin Celsius da zarar sun gama, su bar shi yana hucewa a hankali na sa'o'i masu yawa. Wannan haƙurin nasu ne na ɓata cikin daƙiƙa guda. Tsagar ma ta faro ne daga cibiyar da ke ƙasan gindi, wato tabon da sandar ƙarfe take bari inda aka ɓalle tulun daga jikinta.

Sai da na yi kwana uku kafin na iya taɓa na biyun. Na shimfiɗa tawul a cikin roba, na cire zoben hannuna, na gwada ruwan da bayan hannu har na tabbata ɗumi-ɗumi ne kawai. A nan ne na gane wani abin takaici: farin zoben nan ba dauɗa ba ce, gishirin ma'adinai ne irin na alli da ruwa yake bari idan ya ƙafe. Sabulu ba ya cire shi, tafasasshen ruwa ma ba ya cire shi, wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar dafa ruwa ya san haka. Ashe ko da tulun farko bai tsage ba, da ruwan zafin bai tsinana mini komai ba.

Abin da ya yi aiki shi ne ruwan khal, rabi da rabi da ruwa, na bar shi ya kwana a ciki. Da safe na zuba ɗanyar shinkafa kamar cikin tafin hannu guda a cikin tulun, tun da soso ba ya shiga wuyan, na riƙa jujjuyawa a hankali har zoben ya baje. Da a ce akwai adon ruwan zinariya a jikinsa, da ban kusantar da khal wurin ba. Na ɗauraye, na kife shi a kan busasshen tawul, sannan na goge da tsumma mai laushi ina tallafe da gindin.

Duk da haka wani ɗan hazo ya rage a gefe guda, na sake jiƙawa sau biyu bai gushe ba. Wannan fuskar gilashin ce da kanta ruwan da ya daɗe a ciki ya ci, irin ɓarnar da injin wanke kwanuka yake yi, kuma wanki ba ya gyara ta. Yanzu duk bayan kwana biyu nake canja ruwan, idan babu furanni kuma in zubar in shanya shi, kuma buta ba ta sake zuwa kusa da shi ba.

Tsagaggen yana nan a kan kanta a bushe, na juya tsagar tana kallon bango. Da yayata ta zo ta tambayi abin da ya sa ɗaya ne kawai da furanni, na ce, "Yaya, ruwan zafi na zuba masa." Ta ɗauke shi ta juya, ta bi tsagar da farce tun daga gindi har wuya, ta ce, "Haba, ruwan zafi fa ka ce?"