Wasiƙa daga Balensiya: na haɗu da baƙin fadamarmu a bakin Bahar Rum

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman mutanen Nguru, Gashuwa da Haɗeja. Ina fata kuna lafiya, ya zafi, ya jiran damina?

Ranar hutun da ta wuce, a farkon watan Mayu, wani abokin aikina ɗan Sifaniya ya matsa sai na raka shi kallon tsuntsaye. Mun hau bas daga birnin Balensiya, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 kudu ba, muka sauka a wani tafki da ake kira Albufera. Sunan ma na Larabci ne, al-Buhaira, wato ƙaramin bahar, gadon zamanin da Musulmi suka riƙi wannan yanki kafin 1238. Wani siririn tudun yashi mai itatuwa ne kaɗai ya raba tafkin da Bahar Rum, kuma an yi masa magudanai uku masu ƙofofi da ake buɗewa a rufe don daidaita ruwa. Zurfinsa bai fi mita ɗaya ba a yawancin wurare. Kewaye da shi kuwa, iya ganinka, gonakin shinkafa ne.

Da na tsaya a bakin ruwan sai jikina ya yi sanyi. Warin taɓo, kukan kwaɗi, kwale-kwale a ɗaure cikin ciyawa, balbelu na bin tarakta kamar yadda suke bin shanu a wajenmu. Har kachalla na gani, ita ɗin dai da ta toshe mana hanyoyin ruwa a Marma.

Akwai wuri a gefen tafkin mai suna Racó de l'Olla, inda aka gina rumfunan katako masu 'yan tagogi, mutum ya zauna ya leƙa ba tare da ya firgita tsuntsu ba. A ciki na tarar da wata tsohuwa da jikanta, da littafi a cinya, ba mai ɗaga murya. Abokina ya miƙo mini madubin hangen nesa ya nuna mini cikin ciyawa. Sai da na daɗe kafin na gane abin da yake nufi: zalɓe ne, siriri, mai jan wuya da baƙin zane, ya miƙe baki sama ya sandare har ya saje da karan da ke bayansa. Minti kusan goma bai motsa ba. Can sai ya lanƙwasa wuya, ya kai sara sau ɗaya, ya ɗago da ɗan kifi yana wutsil-wutsil.

Na ce masa ai na san wannan, muna yara mun sha koro shi da danƙo. Ya ce ba mamaki, domin irinsa a nan yake yin ƙwai, amma da Satumba ta yi sai ya tashi ya ƙetare teku da Sahara, ya yi hunturu a dausayin Afirka ta Yamma, sai Maris ko Afrilu ya dawo. Ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai. Masu ƙidayar tsuntsaye a Turai sun lura cewa a shekarun farin da ya ci yankinmu, wajen 1973 da 1984, wannan zalɓen ya ragu sosai a sheƙoƙinsa na nan. Ashe farin da ya kashe wa iyayenmu shanu har a Turai an ga sawunsa.

Mu dai shamuwa muka sani da tafiya, ita ke zuwa da albishirin ruwa. Amma agwagin ruwan da ke cika Dagona da Baturiya lokacin sanyi, ban taɓa jin wani babba ya tambayi ina suke zuwa in bazara ta yi ba. Ni ma ban tambaya ba sai da na yi shekara arba'in a duniya.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ruwan tafkin kore ne shar, tun shekarun 1970 da dattin gari da na masana'antu ya kashe ciyayin ƙarƙashinsa. Ambaliyar 29 ga Oktoba 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 200 a wannan lardi, ta kwararo da tarkace da robobi zuwa cikinsa. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka ƙi sakin wurin. An mai da shi gandun da doka ta kare a 1986, kuma ba a kori manomi ko masunci ba. Bayan girbi ana sake cika gonaki da ruwa tun daga Nuwamba, tsuntsaye su sami wurin kiwo, ƙasa ta huta. Masu kwale-kwale na ƙauyen El Palmar suna samun abinci ta hanyar yawo da baƙi, masu gidajen abinci na sayar da shinkafar da aka noma a wurin.

Namu dausayin na Haɗeja da Nguru duniya ta san da shi, tun 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suke cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, jerin da Albufera ma take ciki. Sai dai tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke raya fadama ta canza, kachalla ta samu gindin zama, kuma kun fi ni sanin abin da hakan ya yi wa masunta da masu noman rani.

Ina da roƙo. In Allah ya kai mu hunturu, wanda hanya ta bi da shi ta Dagona ya tsaya da sassafe, ya ɗauki yaransa in da hali, ya duba cikin ciyawa ko zai ga mai jan wuyan nan. Ya turo mini hoto ko da na waya ne, ina so in nuna wa abokina inda zalɓensa ke kwana.

A gaida kowa da kowa. Naku, ɗan Gashuwa a Balensiya.